Kasada ko Ganganci? Waiwaye a kan Rayuwar Joey Dunlop, Gwanin Tseren Babur

Bahaushe ya bambanta kasada da ganganci, ko da yake a bakin mutane da yawa a yau kalmomin biyu sun kusa zama ɗaya. Mai kasada shi ne wanda ya san akwai halaka a gabansa, ya auna ta, ya yi mata shiri gwargwadon iyawarsa, sa'an nan ya shiga da idonsa a buɗe, kamar falken da ya ɗaura wa raƙumansa kaya ya fuskanci hamada. Mai ganganci kuwa bai auna kome ba, bai shirya wa kome ba, kuma galibi ba shi kaɗai yake kwasar sakamakon aikinsa ba. Abin da nake nufin yi a wannan ɗan rubutu shi ne in ɗora rayuwar wani mutum guda a kan wannan ma'auni, mu ga inda za ta rinjaya. Mutumin kuwa shi ne Joey Dunlop, ɗan Ailan ta Arewa, wanda ya shafe shekara 31 yana tseren babur a kan titi, kuma a bakin titin ya gamu da ajalinsa a shekarar 2000.

Kafin mu je ga mutumin, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da muke magana a kai, domin tseren babur iri biyu ne. Akwai wanda ake yi a filin da aka gina musamman dominsa, inda akan bar sarari mai faɗi a gefen hanya, a zuba tsakuwa, ta yadda in mahayi ya faɗi zai sulale har ya tsaya ba tare da ya bugi wani abu ba. Wannan shi ne irin na su Valentino Rossi da Marc Marquez. Akwai kuma na titi sosai, watau hanyar da motoci da 'yan makaranta da manoma suke bi kullum, a rufe ta na 'yan sa'o'i, a saki babura a kanta. Gefenta katangun dutse ne, da turakun fitila, da itatuwa, da ƙofofin gidajen mutane. Wanda ya yi kuskure a nan, ba shi da wurin sulalewa.

Uwar wannan tsere ita ce gasar TT da ake yi a Tsibirin Man, wani ɗan tsibiri da ke cikin teku tsakanin Ingila da Ailan. An fara ta a 1907. Dalilin da ya kai ta can kuwa shi ne, dokar Birtaniya ta wancan zamani ba ta yarda a yi tsere a kan hanyar jama'a ba, alhali tsibirin yana da majalisarsa ta kansa, wadda ta yi doka ta ba da izinin rufe hanya. Tun daga 1911 ake bin hanyar da ta ratsa ta kan dutsen Snaefell, mai tsawon mil 37.73, watau kilomita 60 da 'yan kai, da kwana fiye da 200. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya, sai ɗaya bayan ɗaya, da tazarar daƙiƙa 10 tsakaninsu, saboda haka kowa da agogo yake kokawa. A 2023 wani Bature mai suna Peter Hickman ya kewaye wannan hanya cikin minti 16 da daƙiƙa 36, tafiyar da direban kirki zai yi a kusan sa'a guda. Daga 1911 zuwa yau kuwa, mahaya fiye da 260 ne suka mutu a kanta. Wannan adadi shi ne tushen gardamar, kuma duk wanda zai yi magana a kan wasan ya tsallake shi, to bai yi adalci ba.

An haifi Joey Dunlop ranar 25 ga Fabrairu, 1952, a wani ƙauye kusa da garin Ballymoney, a gidan talakawa. Ya fara tsere a 1969 da wani tsohon babur ƙirar Triumph, yana aikin ƙarfi da rana, da dare kuma yana kwance inji yana ɗaurawa. Shi da ƙanensa Jim da abokansa biyu, Mervyn Robinson da Frank Kennedy, suka zama 'yan tawaga guda, suna yawo daga wannan ƙauye zuwa wancan duk inda aka rufe hanya. Ya fara zuwa Tsibirin Man a 1976, shekara ta zagayo ya ci tserensa na farko a can. A 1980 ya yi wata dabara da ta nuna irin kansa: ya sa aka ƙera masa tankin mai wanda ya fi na kowa girma, domin ya rage tsayawa shan mai a tsakiyar tsere, da haka ya kayar da mahayan kamfanin Honda da dukan kuɗinsu da makanikansu. Kamfanin bai yi fushi ba, sai ya ɗauke shi aiki, kuma tare suka zauna har ƙarshen ransa. Daga 1982 zuwa 1986 ya ci kambin duniya na ajin manyan babura na TT sau biyar a jere. A 1993 ya wuce Mike Hailwood, wanda yake da nasara 14 a tsibirin, ya yi ta ƙarawa har ya kai 26. A gida kuma ya ci babban tseren Ulster sau 24, ya ci na North West 200 sau 13.

Lissafin nasara ba shi ne hujjata ba, domin mai ganganci ma yakan yi sa'a. Amma sa'a ba ta yin shekara 31. Mutumin da ya kewaye wannan hanya shekara da shekaru, a rana da ruwan sama da hazo, a kan ƙaramin babur mai cc 125 da babba mai cc 1000, lalle akwai abin da ya sani wanda sauran ba su sani ba. An shaide shi da cewa ko bayan da ya zama ɗan gaban goshin Honda bai daina sa hannu a injinsa ba, sau da yawa akan same shi da baƙin mai a hannu yana duba abin da makanikai suka riga suka duba. Hanyar kuwa ya haddace ta kamar yadda makaho yake haddace lungun unguwarsu: inda kwalta ta yi tudu, inda inuwar itace takan hana ta bushewa, inda iska takan bugo daga kan dutse. Wanda ya kalli hotunan tserensa zai ga ba ya fizge-fizge, tafiya yake kamar ruwa a kwari. Wannan duka shiri ne da awo, watau siffofin mai kasada.

Akwai kuma halinsa, wanda a ganina yana cikin hujja. Mai ganganci yawanci ɗan a-gan-ni ne, idon jama'a yake nema. Dunlop kuwa mutum ne mai kunya, mai gudun 'yan jarida, wanda in an tare shi da tambaya yakan amsa a taƙaice cikin karin harshen ƙauyensu, har Ingilishin Ingila ma sai sun kasa kunne. Da ya ji labarin halin da yara suke ciki a gidajen marayu na Romaniya bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci, sai ya cika motarsa ta ɗaukar babura da abinci da tufafi, ya tuƙa da kansa ya ƙetare Turai ya kai musu, bai kira mai ɗaukar hoto ba. Ya yi irin wannan tafiya zuwa Albaniya da Bosniya. Lambar girma ta MBE da aka ba shi a 1986 ta tsere ce, amma ta OBE da ta biyo baya a 1996 saboda wannan aikin jinƙai ce. Mutumin da ya san darajar ran marayan da bai taɓa gani ba, da wuya a ce bai san darajar nasa ba.

Kada kuma a manta da zamanin da ya rayu a ciki. Shekarar da ya fara tsere, 1969, ita ce shekarar da rikicin Ailan ta Arewa ya ɓarke sosai tsakanin masu son zama cikin Birtaniya, waɗanda yawancinsu 'yan Furotesta ne, da masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, waɗanda yawancinsu 'yan Katolika ne. Kafin yarjejeniyar 1998 an rasa rayuka kimanin 3,500. A ƙasar da kusan kome ya rabu biyu, har makaranta da unguwa da wasan ƙwallo, Dunlop yana cikin 'yan abubuwa kaɗan da ɓangarorin biyu suka yarda nasu ne. Ranar jana'izarsa an ƙiyasta mutum 50,000 suka hallara a wani ɗan cocin ƙauye.

To, duk wannan yabo ne, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma akwai ɗaya gefen, wanda ya fi nauyi, kuma masu son wasan sukan so a wuce shi da sauri. Daga cikin abokan nan huɗu da suka fara tare, Frank Kennedy ya faɗi a tseren North West 200 na 1979, ya yi jinya na watanni ya rasu. Shekara guda bayan haka, a wannan tsere dai, Mervyn Robinson ya mutu, shi kuwa ban da abota mijin 'yar'uwar Joey ne. Makonni kaɗan bayan binne shi Joey ya hau babur ya ci tseren nan na babban tanki. Masu yabo suna kiran wannan ƙarfin zuciya. Ni kuwa ina ganin a nan ne tambaya take: shin mutumin da mutuwar aminansa biyu cikin shekara guda ba ta tsayar da shi ba, awo yake yi har yanzu, ko kuwa abin ya riga ya zame masa jaraba, irin wadda ba ta jin kira? Shi kansa jikinsa ya sha gargaɗi. A 1985 jirgin ruwan kamun kifin da ya ɗauko shi da baburansa zuwa tsibirin ya nutse, aka ceto su da dare, ya je ya ci tsere uku a mako guda. A 1989 ya yi mummunan haɗari a filin Brands Hatch a Ingila, wanda ya hana shi zuwa tsibirin a shekarar. A 1998 ya sake faɗuwa, ya karye, ya rasa wani yanki na yatsa, bayan 'yan makonni ya je ya ci tseren cc 250 cikin ruwan sama.

Ba kuma raggwaye ne kaɗai suka juya wa wannan hanya baya ba. Giacomo Agostini na Italiya, mai kambin duniya 15, wanda ya ci tsere 10 a tsibirin, ya rantse ba zai sake hawanta ba bayan abokinsa Gilberto Parlotti ya mutu a kanta a 1972. Wasu manyan mahaya suka bi shi, har aka cire tsibirin daga jerin gasar duniya bayan 1976. Ba wanda zai ce Agostini matsoraci ne. Ya auna abin da Dunlop ya auna, lissafinsu ya sha bamban. Wannan ya nuna mana cewa ko a tsakanin gwanaye, iyakar da ke tsakanin kasada da ganganci ba a zane take da alli ba.

A watan Yuni na 2000, yana da shekara 48, da furfura a kansa, ya ci tsere uku a tsibirin, ciki har da na manyan babura, inda ya kayar da samarin da suka yi sa'ar 'ya'yansa. Da a labarin ƙagaggen littafi ne, a nan zai rataye hular kwanonsa mai ruwan ɗorawa ya koma gida. Sai ya loda baburansa a mota ya nufi Talin, babban birnin Estoniya, wurin wani ƙaramin tsere da ba kuɗi ba suna. Ya ci biyu. Ranar 2 ga Yuli, yana kan gaba a na uku, a kan ƙaramin babur mai cc 125, hanya a jiƙe, sai babur ya ƙwace masa ya bugi itace, nan take rai ya yi halinsa. Ruwa dai gwani yake ci.

Duk da haka, a nawa ra'ayin, Joey Dunlop mai kasada ne, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuma ta hana baligi mai hankali yin irin abin da ya yi ba. An rufe hanya, an sanar da kowa, an ajiye masu gadi a kowace kwana, da likitoci da jirgi mai saukar ungulu. Ba a barin baƙon mahayi ya shiga sai ya nuna shaidar ƙwarewa, an kuma zagaya da shi ya ga hanya. Tun da aka cire tseren daga gasar duniya, ba wanda neman maki ya tilasta wa zuwa. Duk wanda ka gani a can shi ya kai kansa. Ba kuɗi ne ya ja su ba, domin ladan bai taka kara ya karya ba in an gwada da na gasar duniya, shi ya sa da yawansu suke da sana'ar hannu: John McGuinness, mai nasara 23, magini ne tun asali, Guy Martin kuwa makaniken manyan motoci. Mu da muke taruwa a dandali mu kalli ɗan dambe ya naɗe hannu da zare ya fuskanci wanda zai iya zubar masa da haƙora, mu kuma yi masa kirari, ba mu da bakin cewa ba mu gane abin da ke kai namiji irin wannan wuri ba.

Sai dai hujjar nan ta cewa kowa da ransa ya yi kasada tana da ramuka biyu, kuma ban ga wanda ya cike su ba. Na farko, ba kullum ne abin yake tsayawa a kan mahayi ba. A 2007 wani babur ya ƙwace a kan dutsen, ya kashe mahayinsa da 'yan kallo biyu. Ana iya cewa ɗan kallo ma shi ya kai kansa, amma wanda ya sayi tikitin jirgi ya je hutu bai yi irin awon da mahayi ya yi ba. A nan nauyi yana kan masu shirya wasan, kuma duk wurin da aka hana jama'a tsayawa bayan an yi rashi, tambaya ita ce me ya hana a hana tun farko.

Rami na biyu ya fi zurfi, shi ne gado. Ƙanen Joey, Robert Dunlop, shi ma gwani ne, ya ci tsere 5 a tsibirin. A 1994 ƙafar babur ɗinsa ta baya ta tarwatse yana cikin gudu, ya ji raunin da ya naƙasa masa hannu da ƙafa, amma ya dawo. Ranar 15 ga Mayu, 2008, wajen gwajin North West 200, injinsa ya cije, ya jefar da shi, ya mutu, 'ya'yansa biyu suna kan hanyar a lokacin. Bayan kwana biyu, gawar uban ba a binne ba, ƙaramin ɗan, Michael, mai shekara 19, ya hau layi duk da ƙoƙarin masu shirya tseren na hana shi, ya kuma ci. Bayan shekara 10, ranar 7 ga Yuli, 2018, wansa William ya mutu wajen gwajin wani tsere kusa da Dublin, yana da shekara 32. Michael bai daina ba. A 2024 ya wuce adadin baffansa na 26, a 2025 ya kai 33.

Bahaushe ya san gado sarai. Ɗan maƙeri a bakin zuga yake tashi, ɗan sarkawa a cikin kwalekwale, dambe ma an san shi da gidajen mahauta. Muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma yaron da ya buɗe ido ya ga mutum-mutumin baffansa a tsakiyar gari, ya ga duk wanda ya ji sunan gidansu sai ya miƙe, yaushe ne ya zauna ya zaɓa? Joey ya zaɓa, domin lokacin da ya sayi tsohon baburinsa ba wanda ya san sunan Dunlop. Waɗanda suka biyo baya sun tarar da hanya a share, da jama'a a tsaye suna jira. Ban ce an tilasta musu ba, su kansu za su musa haka, kuma Michael ya nuna gwanintarsa tasa ce. Abin da nake cewa shi ne, 'yancin zaɓi da ake kafa hujja da shi ya fi sauƙin gani a kan uba fiye da a kan ɗa.

A nan ne nake ganin laifin maroƙan wasan, watau 'yan jarida da masu shirya fina-finai da masu tallar yawon buɗe ido. Sun gano cewa mutuwa tana sayar da kaya. Sai ka ga ana jera adadin matattu kamar ana jera lambobin yabo, ana kiran wasan mafi haɗari a duniya da murya irin ta mai tallar magani a kasuwa. A 2022 mutum shida suka rasu sakamakon tseren shekara guda, ciki har da uba da ɗansa a kan babur guda mai kwando a gefe. Wanda ya mai da wannan abin ado ya ci amanar mamatan, ya kuma karkatar da darasin. Abin koyi a rayuwar Dunlop shi ne shekara 31 na haƙuri da sanin inji da sanin hanya. Daƙiƙa guda ta Talin ba ta ƙara masa kome ba, ta dai raba 'ya'ya biyar da ubansu.

Wannan karkataccen darasi yakan yi tafiya mai nisa, yanzu da kowane yaro yake kallon irin waɗannan hotuna a wayarsa. Samarinmu da suke ɗaga ƙafar babur ta gaba ranar rakiyar amarya, ba hular kwano, a kan titin da tsohuwa take tsallakawa da tallarta, suna iya ɗauka su da su Dunlop jirgi ɗaya ya kwaso su. Ko kusa. Ba a rufe musu hanya ba, ba su duba birki ba, kuma wanda zai biya kuɗin wasan nasu sau da yawa bai ma san ana yi ba. Wannan shi ne ganganci tsantsa, kuma ba ya bukatar dogon nazari.

Wani abin lura shi ne, mai yiwuwa ba doka ce za ta kawo ƙarshen tseren titi ba, kuma ba wa'azin masu suka ba. Babban tseren Ulster, wanda Joey ya ci sau 24, an yi shi a 2019, daga nan bashi da rashin kuɗi suka tsayar da shi, har 2025 ba a sake yi ba. A watan Fabrairu na 2023 ƙungiyar da ke kula da wasan a Ailan ta Arewa ta ba da sanarwar soke tseren titi na shekarar baki ɗaya, saboda kuɗin inshora ya fi ƙarfinta. Sai da magoya baya suka yi karo-karo, aka kuma sami ragi daga kamfanin inshora, sa'an nan aka yi North West 200 a watan Mayu. Ma'aikacin inshora ba ya kirari, ba ya zagi; yana zaune ne a ofis da alƙalami yana auna abin da Agostini ya auna a 1972, kuma kowace shekara sai masu shirya tseren sun koma gabansa sun ji farashi kafin su rufe hanya.